Wa zai riƙe kundin makari? Muhawara kan rajistar kayan asiri a labarinmu

Mai Tawada:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Babi na huɗu ya tsaya mini cak, yau kwana biyar ke nan, shi ya sa na kawo shi gabanku. Ga waɗanda suka shigo daga baya, labarin ban dariya ne muke ginawa a wani gari na ƙage inda kayan asiri suka yi yawa har suka zame wa jama'a annoba. Kowane gida da laya, kowane saurayi da guru a ƙugu. Ɓarawo na da baduhu, mai gadi ma na da baduhu, sai su yi karo cikin dare kowa ya kurma ihu don bai ga abin da ya buge shi ba. Sarkin garin ya gaji da shari'ar da ba a ganin mai ƙara, ba a ganin wanda ake ƙara, sai ya ce masu sana'ar su kafa ƙungiya a yi wa kowane abu rajista. Na ba kowane kaya lamba da takardar shaida, na raba su aji uku: na kariya, na neman kasuwa, na cutarwa. Ana sabunta takarda duk shekara bayan kaka. Amma da na sake karantawa ban ji rai a cikin abin ba. Ina gyaran yake?

Uwar Zaure:
Wa alaikumus salam. Mun ji, Mai Tawada. Jama'a a ba shi shawara, amma a tsaya kan labarin, kada wani ya juya mana zaure ya koma wurin tallar magani.

Tsohon Akawu:
Ɗana, tsarinka ba shi da laifi, mutum ne babu a cikinsa. Na yi shekaru ina riƙe da rajista, kuma abin da ke ba da dariya a ofis ba dokar ba ce, mutumin da ya rantse sai ya bi dokar ko sama za ta faɗo ne. Ka samo akawu mai gaskiya, mai son aikinsa, wanda bai taɓa barin layi ɗaya babu cikawa ba, ka zaunar da shi gaban waɗannan kaya. An kawo masa kau-da-bara, doka ta ce sai an buga mata hatimi. Ya ɗaga hatimi ya kai, ya sauka kan tebur. Ya sake kaiwa, ya sauka kan babban yatsansa. Ya sa masinja ya danne layar, hatimi ya sauka a goshin masinja. Yanzu bisa doka masinja ne aka yi wa rajista, kuma dole a sabunta shi duk shekara. Akawun kuma ba zai yi dariya ba, zai buɗe sabon shafi ya rubuta "masinja, guda ɗaya, aji na ɗaya".

Jikan Maharbi:
Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, ka sa na yi dariya ni kaɗai a cikin mota har fasinjoji suna kallona. To ka ƙara da sagau. Da akawu ya ɗaga alƙalami zai rubuta ta, hannu ya sage a sama, sai an fitar da ita daga ɗakin ya sauko. Shashatau kuma a yi mata rajista sau tara a rana ɗaya, don kowane lokaci akawu ya manta abin da ke gabansa.

'Yar Dukawa:
Baba Akawu, da girman kujerarka, ni ban yarda da hatimi da takarda ba ko kaɗan. Dariyar ta yi, amma garin da muka gina tun babi na ɗaya gari ne na ganuwa da ƙofofi da kasuwar mudu, ba garin tebur da fayil ba. In muka dasa masa ofis irin na sakatariya, mai karatu zai ji ɗinkin bai zauna ba.

Ni a gidan dukanci na tashi. Abin da nake so ku lura da shi shi ne, duk layar da ke duniya sai ta bi ta hannun baduku. Mai rubutu ya rubuta, mai haɗi ya haɗa, amma wanda zai naɗe ta da zare ya rufe ta da fata shi ne baduku. Guru, kambu, ɗamara, duk aikinmu ne. Kuma kowane gida da hannunsa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, in ka miƙa masa kube ko rigar laya, juyawa ɗaya zai yi ya gaya maka gidan da aka ɗinka, daga tazarar ɗinkin da yadda aka kashe bakin zaren. To me ya kai mu neman hatimi? Ɗinkin shi ne hatimin. Ƙungiya ta ce ba wanda zai rataya abin da ba baduku mai rajista ne ya rufe shi ba, shi ke nan an kama bakin zaren.

Tsohon Akawu:
'Yata, ɗinki zai gaya miki wanda ya rufe, ba zai gaya miki wanda ya saya ba, balle wanda ya gada ko ya sata. Abin da ba a rubuta ba, ranar shari'a kowa da tasa.

Malama Mai Tarihi:
Ku biyun duk kuna da gaskiya, kuma abin da kuke ja a kai an taɓa yinsa a zahiri. A Landan maƙeran zinariya da azurfa suna da ƙungiya tun da daɗewa. A shekarar 1300 aka yi dokar da ta ce kayan azurfa ba za su fita kasuwa ba sai an gwada su an buga musu alamar kan damisa. A 1363 aka ƙara cewa kowane maƙeri ya buga tasa alamar, don in an sami algus a san wuyan da za a kama. A 1478 kuma aka fara buga harafi ɗaya da ke canzawa duk shekara, aka kuma ce a riƙa kai kayan zauren ƙungiyar ana gwadawa a can. Kun ga alama uku ke nan a jikin cokali ɗaya: wa ya yi, wa ya gwada, wace shekara. Alamar tana jikin kaya kamar yadda 'Yar Dukawa ke so, littafin kuma yana zaure kamar yadda Baba ke so.

Amma ni shawarata kada mu je nesa neman siffar ƙungiyar. Muna da sarautun sana'a: Sarkin Maƙera, Sarkin Pawa, Sarkin Aska, Sarkin Dillalai, Sarkin Ruwa. Har yau a Argungu ba a shiga kogin Matan Fada ranar bikin kamun kifi sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Waɗannan mutane su ne ke sanin baƙo a sana'a, su sasanta rikici, su hukunta wanda ya ɓata sunan 'yan uwa. Mai Tawada, kalmar "ƙungiya" ma ka rage ta. Ka naɗa sarauta, da rawani da 'yan rakiya da gasar wa zai zauna kusa da wa. Rabin dariyarka tana nan.

Mai Tawada:
Malama, na gode ƙwarai. Wato Sarkin Layu da Galadimansa da Madakinsa. Har na hango rigimar zama a zaure, domin Galadima mai layar zana ne, kullum ana rubuta shi bai zo ba alhali yana nan.

Almajirin Zaure:
Salamu alaikum. Ku yi haƙuri zan ɗan tsayar da ku, kuma ba don ɓata nishaɗi ba. Abin da kuke lissafawa, sagau da baduhu da sauransu, ba kayan ƙage ba ne zalla. Akwai mutane a unguwanninmu da ke kai kuɗinsu da imaninsu wurin boka saboda su. Sihiri yana cikin manyan zunubai masu halakarwa, kuma ayar Haruta da Maruta a Suratul Baƙara ta ambaci masu raba miji da matarsa. Ina jin tsoron mu yi labarin da zai sa yaro ya ga abin kamar sana'a ce mai lasisi.

Uwar Zaure:
Malam, maganarka tana kan hanya kuma ba za mu tsallake ta ba. Jama'a me kuka gani?

'Yar Dukawa:
Malam, Allah ya saka da alheri. Ni ma abin ya taɓa zuciyata, domin na ga matan da aka cinye wa sarƙa da 'yan kunne a kan mallaka. Amma ina ganin dariya tana daga cikin abin da ke kashe kwarjinin irin waɗannan abubuwa. Boka da tsoro yake ci. Ranar da mai karatu ya ga mai baduhu tsaye a layi yana roƙon a sabunta masa takarda, an ce masa ya dawo gobe, kwarjinin ya zube. Sharuɗɗana biyu ne: kada a rubuta haɗin komai, ko na ƙarya, kuma kada a sa ayar Alƙur'ani ko sunan Allah cikin abin wasa. Farraƙu da kurciya kuma mu bar su a ajin da aka haramta, ko a labarin ma.

Almajirin Zaure:
In aka tsare waɗannan biyun, kuma ba a nuna wani ya ci riba da asiri har ƙarshe ba, na janye. Allah ya sa mu dace.

Mai Gyaran Waya:
Yaya 'Yar Dukawa, ni tambayata kan jabu ce. Kowace waya tana da lamba mai alƙaluma 15, ka danna *#06# ta fito. Da ita ake bin wayar sata. Duk da haka akwai masu goge ta su ɗora wata, ka ga waya biyu da lamba ɗaya. In an iya yi wa inji haka, ɗinkin baduku zai gagara? Wani yaron gidan dukawa da ya ƙware, aka hana shi gado, ya koma bayan ganuwa yana kwaikwayon hannun ubangidansa. Kuma ni abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda za a gwada na gaske da na jabu. Wa zai tsaya a sare shi don a tabbatar maganin ƙarfe na aiki?

Tsohon Akawu:
Masinja. Ai yana da rajista.

Mai Gyaran Waya:
Baba, wallahi tausayin masinjan nan ya kama ni tun ba a rubuta shi ba. A ba shi ƙarin albashi a babi na biyar.

Jikan Maharbi:
Ku saurare ni da kyau, don ina ganin duk mun kewaye wurin da naman yake. Muna ta maganar yadda za a ƙirga kaya, a yi musu alama, a gwada ƙarfinsu. Amma a tatsuniyoyinmu da hirar tsofaffi, babu asirin da ba shi da makari, babu kuma wanda ba shi da sharaɗi. Kakana in yana ba mu labarin maharban da, bai taɓa cewa wane ba ya mutuwa ya yi shiru ba. Sai ya ce ƙarfe ba ya cinsa, amma sillen kara zai yanke shi. Ko kuwa kada ya tsallake taɓarya, kada ya ci tuwon kwana, kada mace ta taɓa burgaminsa. Labarin kullum a nan yake karyewa: wata ta lallashe shi ya faɗi sirrin, washegari aka gama da shi.

To ƙungiyar da ke son ta mallaki masu asiri, me za ta yi da sanin ƙarfin layarka? Kowa zai zo ya yi kuri ya ce tasa ta fi ta kowa. Abin da za ta nema shi ne makarin. Ba za a ɗinke maka laya ba sai ka faɗi abin da ke karya ta, an rubuta a kundi. Ka yi ɓarna da ita, dogarai ba za su zo da takobi ba, za su zo da taɓarya ɗaya da kwanon tuwon jiya. Ku hango jarumin da gari ke tsoro yana gudu a kasuwa, tsohuwa na binsa da ludayi. Kuma maganar jabu ta warware, domin mai jabu ba shi da makarin da zai faɗa, in ya ƙirƙira aka gwada aka ga babu abin da ya canza, asirinsa ya tonu.

Mai Tawada:
Allahu Akbar. Yaya, wannan shi ne abin da na rasa kwana biyar. Ba rajistar kaya za a yi ba, rajistar rauni za a yi. Shi ya sa kowa zai ƙi zuwa, shi ya sa kowa zai yi ƙarya, shi ya sa akawu zai sha wuya.

Malama Mai Tarihi:
Na yaba, amma kun buɗe ƙofar da ta fi ta farko girma. Wanda ke riƙe da kundin makari ya fi Sarkin garin ƙarfi. Ya san abin da zai kayar da kowane jarumi, kowane attajiri, har da dogaran fada. Kun ba kura ajiyar nama. Kuma tarihi ya nuna abin da aka killace aka ce kada a buɗe, watarana sai an sami mai buɗewa. Ku tuna Dirki a Kano, abin da aka naɗe da fatu aka daɗe ana yi masa yanka, har Sarki Alwali, na ƙarshe kafin jihadi, ya sa aka fasa shi. Tarihin Kano ya ce an gargaɗe shi, kuma bai ƙare mulkinsa a cikin birnin ba. Ni ba hukunci nake yankewa kan abin da ya faru ba, ina nuna muku ne cewa abin da gari ya rataya tsoronsa a kai, ranar buɗe shi ranar girgiza ce. In kun yi kundi ɗaya, ku sani labarinku ya zama labarin satar kundi, ko kun so ko ba ku so ba.

Tsohon Akawu:
Malama, kundi ɗaya, makulli uku, a hannun mutum uku. Haka ake yi wa taskar kuɗi.

Mai Gyaran Waya:
Baba, a garin da ake da layar da ke buɗe kwaɗo?

Tsohon Akawu:
To a yi mata rajista tukuna.

Ɗan Damagaram:
Sannunku da hira, tun ɗazu nake bi. Ni kasuwar bisashe na sani, bari in kawo abin da na gani a can. Raƙumi yana da shaida a jikinsa, ta wuta, kowane dangi da irin tasu, mai ido yana gani ya san daga inda ya fito. Wannan ɗinkin Yaya 'Yar Dukawa ke nan. Amma ba shaidar ce ke sa ka sayi dabba hankali kwance ba, dillali ne. Shi ya san mai sayarwa, shi ya karɓi la'ada, in bayan wata uku aka zo aka ce ta sata ce, shi za a kama ya nemo mutuminsa. Ba ya riƙe littafi, kuma bai san dukan kasuwa ba, nasa mutanen kawai ya sani.

To ku yi haka da makari. Kada a tara shi wuri ɗaya. Kowane mai laya ya zo da mai tsaya masa, ya raɗa masa makarin a kunne gaban Sarkin Layu. Akawu ya rubuta sunan mai kaya, da gidan da aka ɗinka, da sunan wanda ya ji sirrin, amma ban da sirrin kansa. Kundin in an sace shi, ɓarawo ya sami jerin sunaye ne kawai, sai ya bi mutum ɗari yana lallashi.

'Yar Dukawa:
Wannan ta zauna daram. Kuma doka ta ce mai kaya ba shi zai zaɓi mai tsaya masa ba, in ba haka ba kowa zai kawo amininsa. Ƙungiya ce za ta zaɓa, kuma za ta zaɓi wanda ba zai taɓa rufa maka asiri ba in ka yi laifi, ba zai kuma sayar da kai a banza ba.

Jikan Maharbi:
Surukarsa.

'Yar Dukawa:
Ita fa. Ba za ta bari a kashe mijin 'yarta ba, ba kuma za ta bari ya yi taƙama ba. Ga kunya a tsakani, ba ya iya haɗa ido da ita balle ya yi mata barazana. Ku duba yadda babin zai kasance: Sarkin Yaƙi guda, da kambu har gwiwar hannu, ya tuɓe takalmi ya tsuguna a bakin ƙofa, kansa a ƙasa, yana gaya wa surukarsa ta bayan labule cewa kukan jaki ne ke karya shi. Ita kuma ta ce ba ta ji ba, ya ɗaga murya.

Almajirin Zaure:
Ko ni wannan ta ba ni dariya. Kuma ta yi daidai da abin da na roƙa, mai asiri ya ƙare a tsugune.

Tsohon Akawu:
Na sallama rabin, ban sallama duka ba. Suruka tana mutuwa, aure yana mutuwa, mutum yana da mata huɗu da surukai huɗu. In ya saki 'yarta fa? Sirrin ya tafi gidan da ba a ƙaunarsa. Dole a sami takardar sauya mai riƙo, dole a sami wa'adi, dole akawuna ya bi gida gida yana tambaya ko auren wane yana nan. Kada ku kore shi daga labarin, aikinsa ma yanzu ya fara.

Malama Mai Tarihi:
Ba mai korarsa, Baba. Kuma ka lura da abin da zai biyo baya: a garin nan saki zai yi wuya ƙwarai, jarumai za su zama masu ladabi a gida, kasuwar goro da turmin atamfa na gaishe da surukai za ta tashi. Mai Tawada, wannan kaɗai babi ne.

Mai Gyaran Waya:
Saura gwauro da tuzuru. Su wa zai riƙe nasu?

Uwar Zaure:
Gwaggo. Ba a rasa gwaggo.

Mai Tawada:
Na rubuta duka. Abu ɗaya ya rage mini, layar zana. Mai ita zai shigo, a ce kawo mu gani, ya damƙe ta ya ɓace bai biya kuɗin rajista ba. Ta yaya akawu zai kama shi?

Ɗan Damagaram:
A barbaɗa toka a daɓen zauren tun daga soro. Jiki ya ɓace, sawu ba ya ɓacewa. Masinja ya bi sawun da faifai ya kifa masa a ka.

Mai Tawada:
Madalla. Ga yadda na buɗe babin yanzu, ku duba mini: "Ranar da aka buɗe zauren Sarkin Layu, mutum arba'in suka zo, akawu ya ƙirga goma sha biyu. Ya dubi tokar da ke ƙasa, ya dubi littafinsa, ya ce wa masinja ya rufe ƙofa. Baduku na gefe ya karya allura ta uku a kan gurun Sarkin Yaƙi, ya aika gida a kawo masa ƙayar aduwa."

'Yar Dukawa:
Ƙanina, ya yi kyau, sai dai gyara ɗaya. Baduku ba ya huda fatar guru da allura, da basilla yake hudawa sannan zare ya bi. Ka mai da ita basilla, kuma ka sa ya tsaya ya yi jimami kafin ya aika gida, domin basilla uku a rana ɗaya ba ƙaramar asara ba ce a wurinmu.

Uwar Zaure:
Mai Tawada ya kawo cikakken babin ranar Asabar bayan la'asar. Baba Akawu zai rubuta mana takardar sauya mai riƙo, 'Yar Dukawa kuma babin suruka nata ne.